Tuban Muzuru Ko Na Gaskiya? Abin Da Uwa Za Ta Duba Idan Ɗan Siyasa Ya Ce "A Yafe Mini"

Uwargida, kakar siyasa ta sake kunno kai. Nan gaba kaɗan motoci masu lasifika za su fara zagaya unguwanni daga Dutse zuwa Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Sojojin baka za su cika gidajen rediyo da daddare, wayarki kuma ta cika da gajerun bidiyo a WhatsApp da Facebook da TikTok. A cikin kalaman da za ki ji ana maimaitawa akwai guda mai saurin shiga zuciyar uwa: "Idan mun yi muku laifi, ku yafe mana."

Magana ce mai daɗin ji, balle ta fito daga bakin babban mutum mai babbar riga da jerin motoci. Mun taso an koya mana cewa wanda ya nemi afuwa ba a juya masa baya. Amma mai wannan roƙon yana neman ki damƙa masa abubuwa masu nauyi na tsawon shekara huɗu: maganin ɗakin haihuwa, malamin da zai shiga ajin ɗanki, takin gonar maigida, da famfon unguwa. Don haka ya dace ki san yadda irin wannan ban haƙuri ya kaya a baya, a nan Jigawa da sauran wurare, da yadda za ki tantance na gaskiya daga tuban muzuru, wanda yake tuba da kaza a bakinsa.

Haƙuri iri biyu ne

Mu fara da harshenmu, domin a nan dabarar take ɓuya. "Yi haƙuri" kalma ce mai fuska fiye da ɗaya. Idan yaro ya taka miki ƙafa ya ce "Umma, yi haƙuri", laifinsa ya amsa. Idan kika je gaisuwar mutuwa kika ce "sai haƙuri", cewa kike a daure wa abin da Allah ya ƙaddara. Idan kuwa mai adashi ta ce miki "ki yi haƙuri sai wani satin", nufinta ki ƙara jira.

To, duk lokacin da shugaba ya ce "jama'a ku ƙara haƙuri", ki tambayi kanki wanne daga ciki yake nufi. Sau da yawa na biyu ne ko na uku: ke za ki daure, ke za ki jira. Kayan yana kanki har yanzu. Wanda ya ce "ni na yanke shawarar nan, ta cutar da ku, na yi kuskure, ku gafarce ni" shi ne ya sauke kayan daga kanki ya ɗora a nasa.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da ake fakewa da su. Ta farko ita ce "idan". Mai cewa "idan na ɓata wa wani" bai amsa cewa ya ɓata ba tukuna. Ta biyu ita ce "mu yafi juna". Kalma ce mai kyau tsakanin maƙwabta ranar Sallah, amma idan mai mulki ya faɗe ta ga mai tuyar awara a bakin titi, ya raba laifin gida biyu ke nan, ya ba ta rabi, alhali ita ba ta taɓa sa hannu a takardar gwamnati ba.

Ranar da jam'iyya ta ce "mun yi kuskure"

A ranar 26 ga Maris, 2018, shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa a lokacin, Uche Secondus, ya tsaya gaban taro a Abuja ya nemi gafarar 'yan Najeriya a madadin jam'iyyarsa, wadda ta mulki ƙasar nan shekara 16, daga 1999 zuwa 2015. Ya amsa cewa sun yi kurakurai, ya kuma ambaci ɗauki-ɗora wajen tsayar da 'yan takara da yin abin da aka ga dama babu tsoron hukunci. Abu ne da ba a saba ji ba a siyasar ƙasar nan.

Abokan hamayya ba su bari maganar ta huce ba. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce ban haƙuri bai wadatar ba, sai a dawo da kuɗin da ake zargin an kwashe. Bayan kwana huɗu ya fitar da sunayen wasu da gwamnati ke zargi, har da sunan Secondus ɗin a ciki. Shi kuma ya musanta, ya garzaya kotu. Cikin mako guda zancen ya tashi daga neman afuwa ya koma cacar baki.

Me hakan ya haifar a Jigawa? Ki tuna PDP ba baƙuwa ba ce a nan. Alhaji Sule Lamido, ɗan Bamaina ta Birnin Kudu, ya yi gwamna a ƙarƙashinta daga 2007 zuwa 2015. A zamaninsa aka gina filin jirgin saman Dutse da sabuwar sakatariyar jiha, aka kuma riƙa biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata. A zaɓen gwamna na 2015, ɗan takararta Malam Aminu Ibrahim Ringim ya samu ƙuri'a 479,447, Alhaji Muhammad Badaru Abubakar na APC ya samu 648,045. A 2019, shekara guda bayan ban haƙurin Abuja, mutanen nan biyu suka sake karawa. Ringim ya samu 288,356, Badaru ya samu 810,933. Kujerar sanatan Jigawa ta tsakiya ma APC ce ta riƙe ta.

Ba za a ce ban haƙurin ne ya kayar da jam'iyyar ba. Guguwar Buhari tana kaɗawa a lokacin, ga ƙarfin gwamna mai ci. Abin da alƙaluman suka nuna a fili shi ne roƙon bai dawo da waɗanda suka tafi ba. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. An ce "mun yi kuskure" ba tare da an ce wane ne ya yi wane kuskure ba. Babu wanda ya sauka daga kujera, babu abin da aka mayar wa kowa. Sannan roƙon ya zo saura wata goma sha ɗaya a shiga rumfar zaɓe. Bahaushe ya ce kowa ya tuba don wuya ba lada.

Shi kansa Secondus, a 2021 rikicin cikin gida da umarnin kotu suka raba shi da kujerarsa. Sai ga shi a ƙarshen 2025, Sule Lamido, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, ya kai ƙara kotu a Abuja yana cewa an hana shi sayen fom ɗin takarar shugabancinta. Shekara bakwai bayan neman gafara a kan ɗauki-ɗora, irin wannan ƙorafin ne ya sake fitowa daga bakin ɗan gida.

Lokacin da kuɗinki ya gagare ki

Wannan kam ba sai an ba ki labari ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin suka shige banki, sababbin suka ƙi fitowa. Mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa. Masu POS suka riƙa sayar wa mutane kuɗinsu. A kasuwanni irin su Shuwarin da Sara, matar da ta kawo akuya ko kwanon riɗi ta rasa mai ba ta kuɗi a hannu, ita kuwa ba ta da asusun da za a tura mata.

Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya jajanta wahalar da ake ciki, ya bar tsohuwar naira 200 ta ci gaba da aiki zuwa 10 ga Afrilu, amma bai janye tsarin ba. Kotun Ƙoli ce ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara.

Tsakanin waɗannan ranakun aka yi zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu. A 2019 APC ta ba PDP ratar ƙuri'a sama da dubu ɗari biyar a Jigawa. A 2023 ratar ta koma ƙasa da dubu talatin da biyar: Bola Tinubu 421,390, Atiku Abubakar 386,587. Kujerar sanatan Jigawa ta tsakiya kuma ta koma hannun PDP, Mustapha Khabeeb ya ci. Gaskiya ne Buhari ba ya kan takardar zaɓe a wannan karon, kuma hakan ya yi nasa tasirin. Amma duk wadda ta bi layi ranar ta san abin da mata ke tattaunawa a kai. Bayan mako uku, a zaɓen gwamna, Malam Umar Namadi na APC ya ci da ƙuri'a 618,449, Mustapha Sule Lamido na PDP ya samu 368,726. Ashe masu zaɓen Jigawa sun iya rarrabe wanda suke fushi da shi da wanda ba su fushi da shi.

Bayan an gama ƙirga ƙuri'u, Buhari ya fito fili ya nemi afuwa. Ranar ƙaramar Sallah, 21 ga Afrilu, 2023, ya roƙi duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa. A jawabinsa na bankwana ranar 28 ga Mayu ya nemi afuwa a kan raɗaɗin da wasu matakansa na tattalin arziki suka jawo, tare da cewa don amfanin ƙasa ya ɗauke su. Wasu suka ce ihu ne bayan hari. Wasu suka ce wanda ya nemi gafara a lokacin da ba ya neman komai a hannunka ya fi kusa da gaskiya. Da Allah ya yi masa rasuwa ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a Daura, wannan muhawarar ta sake tashi a wayoyinmu, masu cewa sun yafe da masu cewa sun bar wa Allah. Darasin a nan shi ne jama'a ba sa auna roƙon shi kaɗai. Suna haɗa shi da abin da suka ji a jikinsu.

Wa ke ba wa haƙuri?

Akwai labarin da ya kamata kowace uwa mai ɗa a jami'a ta riƙe. A watan Oktoba na 2022, uwargidan shugaban ƙasa, Hajiya Aisha Buhari, ta yi hira da sashen Pidgin na BBC inda ta nemi afuwar 'yan Najeriya a kan matsin rayuwa da rashin tsaro. Mutane da yawa suka yaba mata.

A wata mai bi masa, jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse suka tafi da shi Abuja, saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter tun watan Yuni yana yi mata shaguɓe da Hausa a kan cin kuɗin talakawa. Aka gurfanar da shi a kotu bisa zargin ɓata suna, aka tsare shi a gidan gyaran hali na Suleja. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta sa ranar zanga-zanga, ƙungiyar Amnesty ta yi kira a sake shi. Ranar 2 ga Disamba aka janye ƙarar. Da ya fito, shi ne ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

Ki duba yadda abin ya juya. Yabon da hirar Oktoba ta jawo, kamun Nuwamba ya shafe shi a zukatan mutane da yawa, domin an ga mai neman a yafe mata ba ta yi saurin yafe wa ɗan wani ba. Ban haƙurin mai mulki yana samun daraja ne daga yadda yake bi da na ƙasa da shi washegari. A siyasarmu kuma haƙuri ya fi gangarowa ta hanya ɗaya: ƙaramin ɗan jam'iyya ya durƙusa wa ubangidansa, ɗalibi ya roƙi mai iko, wanda ya sauya sheƙa ya dawo yana cewa sharrin shaiɗan ne. Wanda ke sama ya sunkuyo ya roƙi na ƙasa, shi ne abin da ya yi ƙaranci.

Ga kuma ɗaya ɓangaren da ya shafe ki kai tsaye. Ki zauna da yaranki masu waya ki nuna musu bambancin sukar aiki da cin mutunci. Su tambayi ina kuɗin rijiya ya shiga, wannan haƙƙinsu ne. Zagi da shaguɓe a kan jikin mutum ko iyalinsa kuwa, baki shi ke yanka wuya, kuma ba kowane yaro ne zai samu ƙasa ta tsaya masa ba.

Haƙurin da ya zo da kaya a hannu

Akwai roƙon da ya zauna da gindinsa. An soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda Cif Moshood Abiola na jam'iyyar SDP ya yi nasara a cikinsa, kuma ya rasu a tsare a 1998. Jigawa na da hannu a wannan tarihin: sakataren SDP na ƙasa a lokacin Sule Lamido ne, gwamnan farar hula na farko a jihar, Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu, shi ma ɗan SDP ne.

Ranar 12 ga Yuni, 2018, Buhari ya nemi gafarar iyalan Abiola a madadin Gwamnatin Tarayya. Bai zo hannu rabbana ba. Ya ba marigayin lambar girma mafi ɗaukaka ta ƙasa, GCFR, wadda ɗansa Kola ya karɓa. Ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, a 2019 kuma ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola. Masu suka sun ce neman ƙuri'ar Yarabawa ne. Ko da hakan ne, abin da aka yi ya tabbata, har yau ranar nan ake hutu.

Shi kuwa wanda gwamnatinsa ta soke zaɓen, Janar Ibrahim Babangida, sai ranar 20 ga Fabrairu, 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihinsa a Abuja, ya amsa cewa Abiola ne ya ci, ya nuna nadama, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru a ƙarƙashin mulkinsa, duk da ya jingina sokewar ga wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Sani Abacha. Shekara kusan 32 ke nan, Abiola ba ya raye, Abacha ba ya raye balle ya kare kansa. A watan Mayu na shekarar, Sule Lamido ya yi kira ga Shugaba Tinubu ya biya iyalan Abiola naira biliyan 45 da ya ce suna bin gwamnati, don a rufe babin. Ko kin yarda da shi ko ba ki yarda ba, ya taɓo jijiyar maganar: haƙurin da babu mayar da haƙƙi a cikinsa bai cika ba.

Yadda ta kaya a wasu ƙasashe

A Birtaniya, kafin zaɓen 2010, shugaban jam'iyyar Liberal Democrats, Nick Clegg, ya sa hannu a alkawarin cewa zai ƙi amincewa da duk wani ƙarin kuɗin jami'a. Ɗalibai da iyaye suka ba shi ƙuri'a. Da jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa ya zama mataimakin firaminista, sai ya goyi bayan ɗaga kuɗin zuwa fam 9,000 a shekara, kusan ninki uku. A watan Satumba na 2012 ya fitar da bidiyo yana ba da haƙuri. Amma da aka saurara da kyau, haƙurin na ɗaukar alkawarin da ba zai iya cikawa ba ne, ƙarin kuɗin kuwa yana nan daram. Matasa suka mayar da bidiyon waƙar barkwanci a intanet. A zaɓen 2015 kujerun jam'iyyarsa a majalisa suka faɗo daga 57 zuwa 8, ya sauka daga shugabanci. A 2017 ya rasa tasa kujerar. Alkawari kaya ne, kuma iyayen da ke biyan kuɗin makaranta ba sa mantuwa, a can ko a nan.

A Ostireliya kuma, gwamnatoci sun shafe shekaru da dama suna raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu mata da ƙarfin doka, har zuwa wajen 1970. Firaminista John Howard ya ƙi ba da haƙuri tsawon mulkinsa. Wanda ya gaje shi, Kevin Rudd, ya tsaya a majalisa ranar 13 ga Fabrairu, 2008, 'yan watanni bayan ya ci zaɓe, ya ambaci laifin da sunansa, ya roƙi iyaye mata da 'ya'yan da aka raba. Farin jininsa ya ƙaru ƙwarai a lokacin. Jam'iyyarsa ta sauke shi a 2010 saboda wasu dalilai daban, amma har yau wannan rana ce aka fi tuna shi da ita.

Idan kika jera waɗannan labaran za ki ga abu ɗaya yana maimaituwa. Ban haƙuri ba ya ɗaga shugaban da jama'a suka riga suka yanke ƙauna da shi, wani lokaci ma tuna musu laifin yake yi. Yana ƙara wa shugaba kima idan ya zo da wuri, ya faɗi laifin ƙarara, kuma ya biya wani abu a kai. Wannan ne ya sa 'yan siyasa ke gudunsa: suna tsoron abokan hamayya su ɗauki kalmar "na yi kuskure" su yi ta kaɗa ta a rediyo, kamar yadda aka yi wa Secondus. Sai su zaɓi mai arha, wato "a yi haƙuri", wanda ba ya cin kowa komai.

Ki auna shi da ma'aunin biko

Mu mata muna da ma'aunin da ya fi na masu sharhin siyasa. Idan mace ta yi yaji, miji ya aiko biko, iyayenta masu hankali ba sa tsayawa kallon turmin atamfa da goron da aka kawo. Sukan tambaya: ya san abin da ya yi? Ya faɗa da bakinsa? Me zai sauya idan ta koma? Wa zai tsaya masa? Sun san akwai mijin da ke biko saboda ya gane kurensa, akwai kuma wanda ke biko saboda azumi ya matso babu mai yi masa kunu.

Malamanmu ma sun koyar da cewa tuba tana da sharuɗɗa: a yi nadama, a daina laifin, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Ki ɗora ban haƙurin ɗan siyasa a kan wannan, ki yi masa tambayoyi biyar.

Na ɗaya, ya ambaci laifin? "Kurakuran baya" ba suna ba ne. "Na yi alkawarin gyara asibitin garinku ban yi ba" shi ne suna.

Na biyu, ya ce "ni" ko ya ce "mu"? Ko kuwa ya ɗora wa na ƙasa da shi, ko wanda ya riga mu gidan gaskiya?

Na uku, yaushe ya zo? Lokacin da abin ke ciwo, ko sai da aka fara liƙa fastoci?

Na huɗu, me ya mayar? Albashin da aka riƙe, diyyar gona, aikin da aka bari rabi, yaron da aka tsare.

Na biyar, abin ya tsaya? Wanda ke ba ki haƙuri a kan abin da yake kan aikatawa, kazar tana bakinsa.

Wurin yin waɗannan tambayoyin ma akwai shi. A 2008 an yi Taron Talakawa a Dutse inda talakawa suka faɗi kukansu a gaban manya. Daga baya kuma gwamnatin jihar ta fito da shirin Gwamnati da Jama'a na zagaya ƙananan hukumomi 27 na jihar. Duk inda aka buɗe irin wannan ƙofa, ko ɗan takara ya aiko a tara mata a gidan shugabar mata ta mazaɓa, ku haɗa kai da maƙwabta ku tafi da tambaya ɗaya takamaimai. Taliya da sabulu da atamfa ba amsa ba ne.

Yafiya daban, ƙuri'a daban

Wata za ta ce, to ai Allah yana son masu yafiya. Haka ne, kuma yafiya tana sauke wa mai yin ta nauyi a zuciya. Sai dai kina iya yafe wa mai adashin da ta cinye miki zubi har ga Allah, ku ci gaba da gaisawa da zuwa sunan juna, amma ba dole ne ki sake ba ta ajiya ba. Yafiya tsakaninki da Ubangijinki ce. Ƙuri'a amana ce ta yaranki da na maƙwabta. Matan Arewa ba su samu jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri sau da yawa a kan neman wannan 'yanci. Abin da aka samu da wahala haka bai kamata ya tafi a kan kalma ɗaya mai daɗi ba.

Haka kuma idan kika ga shugaban da ya fito ya faɗi laifinsa da sunansa, ya gyara, to kada a mayar da shi abin dariya, ko ɗan wace jam'iyya ne. Idan duk wanda ya amsa kuskure aka yi masa ature, gobe babu wanda zai sake amsawa, sai mu ƙare da shugabannin da ba sa taɓa laifi a bakinsu.

Gwamnan gobe yana tsakar gidanki

Waɗanda za su riƙe Jigawa nan da shekara talatin suna nan suna rigima a kan ƙwallo da cokalin shayi a gabanki. A nan ake koyon ban haƙuri ko a kasa koyonsa. Idan Yaya ya mari ƙanensa, kada ki tsaya a "ba shi haƙuri" ya furta da ƙyar yana harara. Ki sa ya faɗi abin da ya yi, ya mayar da abin da ya ƙwace. Kada kullum ƙarami ne zai ba babba haƙuri don kawai shi ne ƙarami, domin yaron da ya taso a haka zai ɗauka girma yana nufin ba a tambayarka. Kuma yaron da ya taɓa jin mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun ce masa "na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe mini" ya ga da idonsa cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ke fa, 'yar'uwa, akwai ɗan siyasar da ya taɓa ba da haƙuri kika ji a ranki da gaske yake? Me ya yi bayan nan da ya tabbatar miki, ko ya ƙaryata zatonki? Ki faɗa mana a ƙasa, cikin mutunci ba tare da zagi ba, domin sauran iyaye su ƙaru kafin masu biko su iso ƙofar gida.